Baba Bai Iya Ba, Ko Na'urar Ce Ba Ta Iya Ba? Fashin baƙi kan digiri na biyu a fannin hulɗar mutum da kwamfuta

Duk wanda ya taɓa bin layin na'urar cire kuɗi ya san wannan yanayi. Dattijo ya shiga, ya sa kati, ya tsaya yana karanta allo a hankali, kafin ya gama tantance tsakanin asusun ajiya da na yau da kullum lokaci ya ƙure, na'ura ta tofo katin ko ta haɗiye shi. Sai ka ji daga baya an ce, "Baba bai iya ba, wani ya taimaka masa mana." Shi kansa Baban zai fito yana ba da haƙuri, kamar shi ya yi laifi. Babu wanda zai tambayi wanda ya yanke cewa daƙiƙa kaza sun isa mutum ya karanta Turanci, ya fahimta, ya zaɓa, ko kuma da idon wa aka gwada ƙanƙantar rubutun a cikin hasken rana.

Akwai fannin ilimi sukutum da aka gina a kan ƙin yarda da wannan hukunci na mutanen layi. Rassa biyu gare shi da suka haɗu. Ɗaya shi ne ergonomiks, wato ilimin daidaita aiki da kayan aiki da jikin mai aiki da hankalinsa. Ɗayan shi ne nazarin hulɗar mutum da kwamfuta, wanda ake taƙaitawa da HCI. Ana yin digiri na biyu da na uku a kansu, kuma matasanmu da suka ji labarinsa galibi suna ɗaukarsa babban yayan kwas ɗin nan na mako shida da ake koyar da zana fuskar manhaja a manhajar zane ta Figma. Suna da dangantaka, amma irin dangantakar mai harhaɗa magani da mai shagon magani ce.

Asalin abin daga yaƙi ne. A 1943 rundunar sojan saman Amurka ta rasa gane kan wani irin haɗari da ke ta maimaituwa da jirgin yaƙi samfurin B-17. Matuƙi zai dawo daga fagen daga lafiya, ya sauka lafiya, sai kawai ya naɗe tayoyin jirgin yana kan gudu a ƙasa, jirgin ya kife da ciki. Rahoto bayan rahoto ana rubuta "kuskuren matuƙi". Aka ba wani matashin hafsa masanin halayyar ɗan Adam, Alphonse Chapanis, aikin dubawa. Da ya shiga ɗakin tuƙin sai ya tarar da maɓallin tayoyi da maɓallin ƙananan fikafikan da ake ɗagewa bayan sauka suna dab da juna, siffarsu ɗaya, girmansu ɗaya. Mutum ya kwashe sa'o'i ana harbinsa a sama, ya gaji tilis, idonsa na kan titin sauka, hannunsa ne kawai ke laluben maɓalli. Maganin da aka yi bai kai kuɗin shayi ba: aka liƙa ɗan ƙaramin tayan roba a kan maɓallin tayoyi, aka yi wa ɗayan kai mai siffar fiffike. Yatsa ya riƙa gane abin da ya taɓa ba sai ido ya duba ba, irin wannan haɗarin kuwa ya kau. Har yau idan ka leƙa ɗakin tuƙin jirgin fasinja za ka ga hannun sauke tayoyi da kai mai kama da taya.

Bayan yaƙin, a 1947, Paul Fitts da Richard Jones suka tattara labaran kurakurai 460 daga bakin matuƙa, suka ga kusan rabinsu duk abu ɗaya ne: mutum ya yi niyyar taɓa wannan, hannunsa ya taɓa wancan. Abin da ake kira sakaci ashe yana da tsari, ana iya hasashensa, ana iya rage shi ta hanyar sauya kayan aikin maimakon yi wa mutum faɗa. A Ingila kuma, a 1949, Hywel Murrell da abokansa suka kafa ƙungiyar da ta ɗauki sunan ergonomiks, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar aiki da ƙa'ida. Amurkawa suka kafa tasu a 1957, su kuma suka fi son kiran fannin da sunan "Human Factors", wanda ke nufin abubuwan da suka shafi ɗan Adam. Wannan bambancin suna yana nan har yau a takardun jami'o'i, kuma yana rikita masu neman gurbi, alhali kusan abu ɗaya ake nufi.

Kwamfuta ta shigo daga baya. Muddin tana hannun injiniyoyin da suka ƙera ta, ba wanda ya damu da sauƙinta. Brian Shackel, wanda ya kafa cibiyar bincike kan wannan a Jami'ar Loughborough a 1970, yana cikin na farko-farkon da suka ce wata rana akawu da sakatare za su zauna gabanta. Da ranar ta zo a farkon shekarun 1980, sai HCI ya tsaya da ƙafarsa: Stuart Card da Thomas Moran da Allen Newell suka fitar da littafinsu kan halayyar mai amfani da kwamfuta a 1983, a shekarar ce kuma aka yi babban taron fannin mai suna CHI karo na farko a Boston.

Abin da ake yi a cikin shekarar

In ɗauki misali ɗaya da za a iya kamawa. A Jami'ar UCL da ke Landan akwai cibiyar UCLIC, wadda aka kafa a 2001 a kan tubalin wani tsohon sashen ergonomiks na jami'ar. Shekara da shekaru digirin da take bayarwa yana ɗauke da sunayen rassan biyu tare, daga baya aka gajarta sunan ya koma HCI kawai. Cibiyar ba ta sashe ɗaya ba ce. Haɗin gwiwa ce tsakanin masu ilimin kwamfuta da masu ilimin halayyar ɗan Adam, kuma ajin ma haka yake. Za ka tarar da mai rubuta manhaja kusa da wadda ta karanta halayyar ɗan Adam, kusa da mai zane, wani lokaci har da likita ko injiniya. Kowa ya zo da rabin abin da ake buƙata. Mai manhaja bai taɓa tsara gwaji ba, mai halayyar ɗan Adam ba ta taɓa gina abin da za a danna ba. Makonnin farko kowa yana jin shi ne daƙiƙin aji, kuma aikin rukuni, wanda yake da yawa, an tsara shi ne don a tilasta musu jin yaren juna.

Tsarin irin na Birtaniya ne: shekara guda cur, daga Satumba zuwa Satumba. Zango biyu na darasi, sannan watannin bazararsu na binciken kundi. A cikin maki 180 na digirin, kundi kaɗai yakan ɗauki 60.

Darasin farko da ke girgiza mutum shi ne na iyakar hankali. George Miller ya rubuta a 1956 cewa abin da mutum ke iya riƙewa a ka a lokaci guda bai wuce guda bakwai ba, a ƙara biyu ko a rage biyu. Bincike na baya-baya ma ya sauko da adadin zuwa wajen huɗu. Yanzu ka tuna lambar asusun banki guda 10 ce, NIN da BVN kowacce 11, lambar katin wutar mita kuma 20. Dalilin da ya sa ake raba lambar mitar huɗu-huɗu ke nan, kuma duk takardar da ta jero ashirin ɗin a haɗe ba tazara, wanda ya tsara ta bai san wannan darasi ba. Haka jerin zaɓi na USSD: idan ka shiga mataki na huɗu, allon farko ya ɓace, kana riƙe da lambar wanda za ka tura wa a ka, ga agogon da ba ka gani yana ƙirga maka lokaci. Ba wautarka ba ce idan ka ɓace.

Sai dokar Fitts ta 1954, wadda ita ce abu mafi kusa da lissafin kimiyyar zahiri a fannin. Tana cewa lokacin da hannu ke ɗauka ya kai ga wani abu ya danganta da nisansa da girmansa, kuma ana iya lissafa shi. A 1978 Card da abokan aikinsa a cibiyar bincike ta kamfanin Xerox, wato Xerox PARC, suka nuna cewa linzamin kwamfuta (mouse) ma yana bin wannan doka. Daga nan ake fahimtar me ya sa gefen allo da kusurwoyinsa suke da daraja a kwamfuta, tunda linzami ba ya iya wuce su, da kuma me ya sa ɗan ƙaramin gicciyen rufe talla a waya yake da wuyar taɓawa. Wannan na ƙarshe ba kuskure ba ne. Wanda ya ƙanƙanta shi ya san dokar sarai, ya juya ta ne a kanka. Ana koyar da wannan ɓangare ma, na dabarun yaudarar mai amfani, kuma gara ɗalibi ya san tun wuri cewa ilimin da ke ceton matuƙi shi ne ke sa mutum ya kasa ajiye waya da ƙarfe biyun dare.

Ɓangaren jiki shi ne wanda masu zuwa daga kwamfuta suka fi rainawa, ni kuwa a ganina shi ya fi gyara tunani. A 1950 wani matashin mai bincike a rundunar sojan saman Amurka, Gilbert Daniels, ya ɗauki awon jikin matuƙa 4,063. Ya zaɓi ma'aunai goma, irin su tsayi da faɗin ƙirji da tsawon hannu, ya tambaya: mutum nawa ne suke tsaka-tsaki a duka goman? Amsa ita ce babu ko ɗaya. Kujerar da aka ƙera don "matsakaicin mutum" ba ta dace da kowa ba. Daga irin wannan binciken ne kujera mai matsawa gaba da baya ta zama dole. Don haka ake koya wa ɗalibi ya daina tunanin matsakaici, ya koma tunanin gefe da gefe: tsayin ƙofa na dogo ne, nisan birki na gajere ne, abin da ya rage a yi shi mai daidaituwa, yawanci don ya ɗauki mutane daga kaso 5 zuwa kaso 95 cikin ɗari na al'ummar da aka auna. A lura da wannan magana ta ƙarshe, zan dawo kanta.

Ana koyon auna zaman mutum a bakin aiki da ma'aunai irin su RULA, wanda aka fitar a Nottingham a 1993, inda ake ba wuya da kafaɗa da wuyan hannu maki gwargwadon lanƙwasarsu. Ana koyon lissafin ɗaukar kaya na NIOSH, hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, wanda ya fara daga kilo 23 a matsayin iyaka idan komai ya daidaita, sannan a riƙa ragewa idan kayan na ƙasa ne, ko da nisa, ko ana murɗa ƙugu, ko ana maimaitawa. Buhun siminti kilo 50 ne. Buhun hatsin da ɗan dako ke saɓawa a Dawanau ya kai ninkin wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon baya a 2020, kuma shi ne kan gaba wajen nakasa mutane a duniya. Jihar Kalifoniya ta haramta wa masu gona ba leburori gajeriyar fartanya tun 1975 saboda abin da duƙawa ke yi wa gadon baya. Mu kuwa a kan duƙawar noman mu ya ginu, ko da yake manoman Nijar da ke cikin rairayi sun daɗe da doguwar hauyarsu da ake turawa a tsaye, kamar yadda mai tallar da ta naɗa gammo ta riga malaman jami'a sanin rarraba nauyi. Fannin bai ƙirƙiro hikimar ba. Ya ba ta ma'auni ne.

Inda kuɗinka ke tafiya

Idan aka ce in nuna abu ɗaya da ya raba digirin da gajeren kwas, zan nuna gwaji da mutane. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai suna ISO 9241 ta fassara sauƙin amfani da abu uku: shin mutum ya cim ma abin da ya zo yi, da wane irin ƙoƙari da lokaci, kuma yaya ya ji. Kowanne ana auna shi. Za a zaunar da mutum gaban abin da ka tsara, a ba shi aiki, a ce ya riƙa faɗin abin da ke ransa yana yi, kai kuma ka yi shiru. Wannan shirun shi ne jarrabawar. Kana kallon mutum yana neman maɓallin da ke gaban hancinsa, bakinka na ƙaiƙayi ka ce "ga shi nan", amma da ka faɗa ka ɓata gwajin, domin ranar da manhajar ta shiga kasuwa ba za ka kasance a gefensa ba.

A farkon shekarun 1980 Lucy Suchman, masaniyar al'adun al'umma da ke aiki a Xerox PARC, ta ɗauki bidiyon mutum biyu suna fama da sabuwar na'urar kwafe takardu, sun kasa fitar da kwafi mai fuska biyu. Ɗaya daga cikinsu Allen Newell ne, wanda na ambata a sama, gagarabadau a ilimin kwamfuta. Babu mai iya cewa Baba bai iya ba a nan. Abin da Suchman ta fitar ya sauya alƙiblar fannin: mutane ba sa aiki da tsararren shiri a ka kamar yadda na'ura ke zato, suna duba halin da suke ciki ne su yi dabara, na'ura kuwa ba ta ganin komai daga halin sai maɓallin da aka danna. Tun daga nan aka ƙara wa ɗalibai fita fili: zama a ɗakin jinya, a ɗakin kula da jiragen ƙasa, a shago, ana kallon yadda aiki yake gudana a zahiri, ba yadda littafin ofis ya ce ana yi ba.

Sauran kayan aikin ana koyonsu da sauri. Akwai ƙa'idoji goma na Jakob Nielsen na 1994 da ake bi a duba manhaja, da ikirarinsa cewa mutum biyar sun isa su tono mafi yawan matsaloli, maganar da malamai za su nuna maka inda take aiki da inda take yaudara. Akwai takardar tambayoyi goma ta SUS mai auna sauƙin amfani, da takardar NASA-TLX mai auna nauyin aiki a ka ta fuska shida. Akwai kuma ƙididdiga, wadda ba makawa. Wanda ya gudo daga lissafi ya shigo nan, an gudu ba a tsira ba.

Me ya sa ake wannan wahala a kan maɓalli? A 2006, a wani asibitin cutar daji da ke Edmonton a Kanada, an ɗaura wa wata mata na'urar tura magani da ya kamata ya shiga jikinta cikin kwana huɗu. Ya shiga cikin awa huɗu. An shigar da mililita 28.8, wato adadin yini guda, a gurbin 1.2 na awa guda. Lambar 28.8 tana rubuce a kan takardar jakar maganin, ma'aikaciyar jinya ta biyu ta duba ba ta kama kuskuren ba, na'urar kuma ta karɓi ninki 24 ba ta ce uffan ba. Matar ta rasu bayan makonni. Rahoton binciken bai tsaya a kan ma'aikatan jinyar ba. Ya bi takardar, da lissafin da ake tilasta wa mutum ya yi a tsaye cikin hayaniya, da na'urar da ba ta da iyaka. Masu bincike a UCL da Swansea da wasu jami'o'in Landan sun shafe shekaru a wani shiri mai suna CHI+MED suna nazarin wannan abu kaɗai: yadda ake shigar da lamba a na'urorin asibiti, da abin da na'ura ke yi idan yatsa ya danna ɗigo sau biyu.

Haka tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka, ranar 28 ga Maris 1979. Wani bawul ya maƙale a buɗe, amma fitilar da ke allo tana nuna an aika masa umarnin rufewa ne kawai, ba wai ya rufu ba. Ma'aikata suka gaskata fitila fiye da awa biyu, ƙararrawa fiye da ɗari na kuka a kansu. A 1983 Lisanne Bainbridge, malama a UCL, ta rubuta wata gajeriyar maƙala da har yau kusan kowane ɗalibin fannin sai ya karanta. Hujjarta ita ce: idan ka miƙa wa na'ura sassauƙan aiki, ka bar wa mutum mai wuyar kaɗai, ka mai da shi ɗan gadi mai kallon allo, hannunsa ya yi sanyi don rashin yi, sannan ka ce ya karɓi ragama a daidai lokacin da komai ya dagule. Shekara 36 bayan haka, ranar 10 ga Maris 2019, jirgin Ethiopian Airlines samfurin Boeing 737 MAX ya faɗi jim kaɗan bayan tashi daga Addis Ababa da mutum 157, cikinsu har da marubucin nan ɗan Najeriya, Farfesa Pius Adesanmi. Watanni biyar kafin nan irinsa ya faɗi a Indonesiya da mutum 189. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta ce an yi zaton matuƙa za su gane matsalar su ɗauki mataki nan take, ba a lissafa da tarin gargaɗin da zai rufe su lokaci guda ba. Yanzu da ake cusa ƙirƙirarriyar basira a asibiti da banki da mota, tambayar Bainbridge ce ta dawo da sabuwar riga, kuma a nan sabbin kundaye da yawa suke.

Abin da ba ya tsallake teku

Na ce zan dawo kan "al'ummar da aka auna". Wani nazari da aka gabatar a taron CHI na 2021 ya gano cewa kashi 73 cikin ɗari na sakamakon binciken taron sun fito ne daga mutanen ƙasashen Yamma, waɗanda ba su kai kashi 12 na mutanen duniya ba. Teburin awon jiki da za a ba ka a aji na Turawa ne ko na sojan Amurka. Alamar adanawa a manhaja hoton wani faifai ne da matashin yau bai taɓa riƙewa ba. Fom yana neman "sunan iyali" daga mutumin da ke amfani da sunan mahaifinsa a makaranta, sunan garinsu a wurin aiki, sannan a zo a ce sunansa na NIN bai dace da na banki ba, ya je kotu ya yi rantsuwa. Akwatin bincike bai san "ƙasa" da "kasa" kalmomi biyu ba ne, ko kuma ya sani fiye da kima har ya kasa nemo wa wanda allon wayarsa ba shi da ƙ. Ana zaton waya ta mutum ɗaya ce, alhali a gidaje da yawa ta miji ce da mata da ƙane. Ana zaton rubutu ne hanya, alhali saƙon murya ne ke tafiyar da kasuwancinmu a WhatsApp. A zaɓen 2015 na'urar tantance kati ta ƙi karanta yatsan Shugaba Goodluck Jonathan a Otuoke a gaban kyamara. Yatsan manomi da birkila da ya goge da aiki fa? Kuma tun da JAMB ta koma jarrabawa a kwamfuta gaba ɗaya a 2015, akwai yaran da ranar jarrabawar ce ranar farko da suka riƙe linzami, ana auna saninsu na kimiyya da saninsu na na'ura a maki ɗaya.

Har hanyar gwajin kanta tana tuntuɓe. Nicola Dell da abokan aikinta sun yi wani gwaji a Bangalore a Indiya, aka wallafa a 2012. Suka nuna wa mutane manhajojin bidiyo biyu iri ɗaya sak, mai tambaya ya ce ɗaya tasa ce. Mutane suka fifita "tasa" da kusan ninki biyu da rabi. Da mai tambayar ya zama baƙo Bature mai tafinta, masu amsawa kuma direbobin keke mai ƙafa uku, fifikon ya kai ninki biyar. Wanda ya tashi cikin kunya da kara ba ya buƙatar a fassara masa wannan. Ka kai wa dattijuwa manhajarka ka ce, "Hajiya, yaya kika gani?" Amsar ita ce, "Ma sha Allah, ɗana, ta yi kyau, Allah ya yi albarka," ko da ba ta gane komai ba. Takardar "na yarda ƙwarai, na yarda kaɗan" ba za ta fitar da gaskiya a nan ba. Sai dai ka ce wani ne ya yi abin, ko ka bar mutum biyu sa'o'in juna su yi ta gardama a kansa kana gefe, ko ka daina tambaya ka kalli hannu kawai.

Saboda haka a ganina abin da ake sayowa daga irin wannan digiri hanyar bincike ce, ba amsoshi ba. Amsoshin na wasu ne. Akwai kuma waɗanda suka riƙe wannan a matsayin fagensu: aikin Indrani Medhi a Indiya kan manhajoji marasa rubutu don waɗanda ba su yi karatu ba, cibiyar da marigayi Gary Marsden ya jagoranta a Jami'ar Cape Town, da taron AfriCHI da aka fara a Nairobi a 2016, aka sake a Windhoek a 2018.

Batun zaɓen makaranta ba shi da tsawo. Birtaniya shekara ɗaya ce: UCL idan hankalinka na kan manhaja da halayyar mutum, Loughborough ko Nottingham idan yana kan masana'antu, sufuri da lafiyar ma'aikata, inda hanya take kaiwa ga rajista da ƙungiyar ƙwararrun da ta samo asali daga wadda Murrell da abokansa suka kafa. A Amurka, Jami'ar Carnegie Mellon tana da shiri na shekara guda da ake kammalawa da aikin rukuni ga kamfani na gaske, Georgia Tech kuma shekara biyu. Jami'ar Delft a Holan shekara biyu. A Afirka ta Kudu, Jami'ar Rhodes tana da sashen ergonomiks da ya daɗe. A Najeriya galibi za ka sami HCI a matsayin darasi a cikin ilimin kwamfuta, ergonomiks kuma a sashen injiniyan masana'antu, kamar na Ibadan, ko wajen masu gashin ƙashi, don haka wanda zai yi a gida malami zai nema, ba sunan kwas ba. Kuɗin makaranta ga baƙo a manyan jami'o'in Landan ya haura fam dubu 30, ban da haya da ci. Tallafin karatu na Chevening, na gwamnatin Birtaniya, yana neman mutum ya riga ya yi aikin da ya kai awa 2,800, kusan shekara biyu, kuma tun Janairun 2024 mai digiri na biyu na darasi galibi ba ya tafiya Birtaniya da iyali. Wanda burinsa kawai ya sami aikin zana fuskar manhaja, gaskiya tarin ayyukan da ya yi zai fi yi masa amfani da arha. Digirin na wanda yake son binciken masu amfani ne, ko aikin kare haɗari a jiragen sama da mai da asibiti, ko digiri na uku.

Wanda kuma ya yi niyyar dawowa da kundinsa gida, ya ce zai nazarci masu POS a Sabon Gari ko teloli a bakin keken ɗinki, ya sani duk binciken da ya shafi mutane sai kwamitin ɗa'a na jami'a ya sa hannu, kuma idan a wata ƙasa za a yi, takardun sun fi yawa: takardar neman yarda da Hausa, yadda wanda ba ya karatu zai ba da yardarsa, inda za a adana muryoyin da aka naɗa, wani lokaci har da amincewar wani kwamiti a nan gida. Watannin kundi uku ne zuwa huɗu. Wanda ya bari sai Mayu ya fara neman izini, a Landan zai ƙare yana gwada manhajarsa da 'yan ajinsu. Malamin da zai duba aikin ana nemansa ne tun zangon farko, a je masa da tambaya ɗaya ƙarama da za a iya aunawa, misali sau nawa mai POS ke sake shigar da lambar asusu kafin ta shiga daidai, kuma a wane lokaci na yini.